Littafin aiki: haɗa bayanan bashin takin ƙungiyar su Bappa

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Bappa ya iso gidanmu na Pantami da hantsi, jakar leda a hammata. Ya zazzage mini ita a kan tabarma: manyan littattafai uku masu bangon kwali, da filashi ɗaya da aka ɗaura wa zare. Shi ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Dadin Kowa, can ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba. Damina biyu ke nan suna ba mambobi taki bashi, a biya bayan girbi. Kafin azumi za su yi babban taro, yana son ya miƙe gaban jama'a ya karanto wa ya biya, wa bai biya ba, nawa ya rage a kan kowa. Ya ce, "Ai ku 'yan kwamfuta wannan aikin minti biyar ne." Na ce to, Bappa.

Littafi na farko rajistar mambobi ce, layi 612. Na biyu na bashi, 2023 da 2024, layi 1,047. Na uku na biya, layi 1,890, tunda mutane kaɗan-kaɗan suke kawowa. An sa yara uku sun kwashe su zuwa Excel, kowa da littafinsa. Abin da ya faɗar mini da gaba shi ne, rajista tana da lambar mamba, amma sauran biyun babu. Suna kawai, wani lokaci da ƙauye, lambar waya kuma in an tuna.

Zan riƙa rubuta abin da na yi a nan, don na san halina, bayan sati biyu sai in manta dalilin da ya sa na taɓa abu kaza.

Talata, 7 ga Janairu

SQLite na zaɓa, wata manhajar ajiye bayanai a tebur-tebur, wato jadawali mai layuka da gurabe, ina buɗe shi da wata manhajar mai suna DB Browser. Rumbun bayanan gaba ɗaya fayil ɗaya ne, in kwafe a filashi in ba Bappa, ba ruwana da intanet. Wani Ba'amurke mai suna Richard Hipp ne ya fitar da shi a 2000, yau kuma yana cikin kowace wayar Android da iPhone, masu wayoyin ma ba su sani ba. Tebur uku na yi: manoma, bashi, biya.

Ƙanwata ta tambaye ni me ya hana a zuba komai a tebur ɗaya a huta. Na ce mata tun 1970 Edgar Codd, wani Baturen Ingila da ke aiki da IBM, ya kawo tsarin da ake bi: ka rubuta bayanin mutum sau ɗaya, ka ba shi lamba, duk inda za ka sake ambatonsa lambar za ka sa. Ta ce, "Ai katin asibiti ke nan, Hamma." Ta fi ni iya bayani.

Matsalar yau lambobin waya. Excel ya ɗauke su a matsayin adadi, ya haɗiye sifilin farko, lamba goma sha ɗaya ta koma goma. Wasu kuma an rubuta su da +234, wasu da tazara a tsakiya. Na cire tazarar, na yanko lambobi goma na ƙarshe da substr(waya, -10), duk suka daidaita. A layi bakwai na tarar an zuba NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, a gurbin waya, tunda ita ma lamba goma sha ɗaya ce. Na ware su gefe.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na san ba daidai ba ne a haɗa tebur da suna, amma na ce bari in ga iya ɓarnar, na rubuta wannan tambaya da SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi:

SELECT m.lamba, m.suna, b.kudi
FROM manoma m
JOIN bashi b ON m.suna = b.suna;

Layi 1,312 ya fito, alhali bashin duka 1,047 ne. Da na ƙirga bashi nawa ne suka sami mai su, 655 kacal. Wato abin ya yi yawa kuma ya yi kaɗan a lokaci guda: 392 sun ɓace, waɗanda suka fito kuma sun hayayyafa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. JOIN ba ya sanin mutum. Yana ɗaukar layi daga nan, ya duba can, duk inda rubutu ya zo iri ɗaya harafi da harafi ya aura su. Rajista tana da Muhammad Abubakar har bakwai, littafin bashi yana da sunan sau goma sha biyu. Bakwai sau goma sha biyu, layi 84 daga suna ɗaya, kowane Muhammad an ɗora masa bashin sauran shida. Wanda kuma aka rubuta Moh'd a nan, Muhammadu a can, ko kallon juna ba su yi ba.

Litinin, 13 ga Janairu

Kwana huɗu ina wanke sunaye. Ban taɓa na asali ba, sabon gurbi na ƙara na kira shi suna_tsaf, don in na yi kuskure in sami wurin komawa. TRIM ya share tazarar gaba da baya, LOWER ya mai da haruffa ƙanana, REPLACE ya kwashe Alh., Alhaji, Mal., Malam da Jauro.

Abu biyu suka ba ni wahala, duka na harshenmu ne. Na farko, LOWER na SQLite haruffan Turanci kawai ya sani, A zuwa Z. Ka ba shi Ɗanjuma ya dawo maka da Ɗ ɗinka yadda ka ba shi, babba. Yaran kuwa kowa da salonsa: ɗaya Ɗanjuma, ɗaya Danjuma, na ukun 'Danjuma da alama a gaba. Dole na mai da ƙ, ɗ, ɓ manya da ƙanana zuwa k, d, b a gurbin kwatance kawai. Ban ji daɗin hakan ba, ni da nake yi wa mutane faɗa a kan rubutun Hausa ba ƙugiya, amma sunan da za a buga a takarda yana nan da ƙugiyarsa. Na biyu, alamar da ke cikin Sa'adu da Ya'u. Wata kwamfutar ta rubuta ta miƙaƙƙiya, wata lanƙwasasshiya. A ido ɗaya suke, a wurin na'ura haruffa ne daban. Kuma in za ka rubuta ta a cikin tambaya sai ka ninka ta, 'Sa''adu', in ba haka ba SQL ya ɗauka maganarka ta ƙare a Sa.

Wani aboki ya ce in gwada Soundex, dabarar nan da ke ba suna lamba bisa sautinsa. Na gwada da 'yar manhajar da na rubuta da yaren Python. Muhammad da Mohammed duk sun ba da M530, na fara murna. Sai na ga Musa da Mu'azu duk M200, Hassan da Hussaini duk H250. Ya haɗe mini tagwaye ya mai da su mutum ɗaya! Ga shi harafin farko yake riƙewa, don haka Garba ba zai taɓa haɗuwa da Abubakar ba har abada. Don sunayen Turawa aka ƙirƙire shi, ba laifinsa ba ne. Dabarar Levenshtein, mai ƙirga haruffa nawa za ka sauya suna ya koma wani, ta fi amfani wajen kama kuskuren bugu. Ita ma ban bar ta ta yanke hukunci ba, tunda tsakanin Hassan da Hassana harafi ɗaya ne.

Lambar waya ma ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. Akwai wata da ke jikin mutum goma sha huɗu. Na kira, ashe mai shagon cajin waya ne a ƙauyen.

Da na haɗa suna_tsaf da ƙauye, waya ta zama shaida ta uku, bashi 871 sun sami mai su tilo, saura 176. Biya 1,603, saura 287. Duk wanda ya dace da mutum sama da ɗaya ban taɓa shi ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Na buga ragowar a takarda, na bi motar safe ta hanyar Biu zuwa Dadin Kowa. Hazo ya rufe ko'ina, ko tsaunukan gefen hanya ba a gani. Bappa ya tara mini dattawa uku da ma'aji a ƙarƙashin wani mangwaro, aka kawo shayi, na fara karantowa.

"Garba Mai Injin."

Kafin in rufe baki ɗaya ya ce, "Abubakar ne, na bakin kwata, wanda injin ban-ruwansa ya ƙone bara." Wani ya ce a'a, wancan ai Habu ake ce masa, Mai Injin ƙaninsa ne ɗan wani ɗaki, shi ma Abubakar. Suka yi ta ja har ma'aji ya tuna ranar da ya karɓi kuɗin da kuma wanda ya rako shi. Na rubuta lamba. Haka muka yi ta yi: Audu ya koma Abdullahi, Iro Ibrahim, Shehu Usman, Sanda Umar, Kulu Hauwa, Indo A'isha. Abin da ya gagari kwamfutata kwana tara, suna warware shi tsakanin kurɓa da kurɓa, har da tarihin gonar mutum da wanda ya aura.

Allah ya tsare ni daga wani kuskure. Na lura akwai sunayen da suka zo a juye, Musa Adamu a wannan littafi, Adamu Musa a wancan, har na tsara tambayar da za ta ɗauke su mutum ɗaya. Da na faɗa, dattawan suka kwashe da dariya. Uba da ɗa ne. An sa wa yaron sunan kakansa, shi ya sa ya zama Adamu Musa, ubansa kuma Musa Adamu. Irinsu gida biyar a cikin takardata. Da na bi son raina da na ɗora wa 'ya'ya bashin iyaye suna raye.

Mun tashi bayan la'asar. Saura bashi 23, biya 61. Da daddare na buɗe tebur na huɗu, lakabi: sunan da ake kira, ƙauye, lambar mamba, wanda ya tabbatar, da kwanan wata. Ban yi shi na gama-gari ba, wai duk Garba Abubakar ne, don sanin haka ba ya gaya maka wane Abubakar.

Laraba, 22 ga Janairu

Yanzu bashi da biya duk suna da gurbin lamba. Na nemi waɗanda ba su taɓa biyan ko sisi ba:

SELECT * FROM manoma
WHERE lamba NOT IN (SELECT lamba FROM biya);

Babu ko layi ɗaya. Wai kowa ya biya. Da a ce gaskiya ne da Bappa bai kwaso jaka zuwa Gombe ba.

Awa guda ina zazzare ido kafin in gano bakin zaren. Biya 61 ɗin nan da ba su da mai su, gurbin lambarsu NULL ne. NULL kuwa ba sifili ba ne, ba kuma fanko ba, ma'anarsa "ba a sani ba". In ka tambayi SQL ko lamba 40 ba ta cikin jerin da ke ɗauke da abin da ba a sani ba, ba zai ce e ba, don wa ya sani ko wanda ba a sanin ba shi ne 40? Haka zai yi wa kowa, sai a tashi ba kowa. Da na nutsu na ga ya fi ni gaskiya: cikin rasit 61 ɗin nan akwai kuɗin wasu da nake shirin kira marasa biya.

Na sake ta da LEFT JOIN, wanda ke riƙe duk layin teburin hagu ko ya sami abokin haɗi ko bai samu ba, sannan na tace waɗanda ɓangaren biyansu ya fito IS NULL. Mutum 74 masu bashi suka fito. Na rubuta a saman takardar da jan biro: ba a karanta wannan a taro sai an gama da 61.

Lahadi, 26 ga Janairu

Yau na kusa jawo abin kunya.

Na haɗa tebur ukun a tambaya ɗaya, manoma da bashi da biya, na sa SUM, mai tara jimla, a kan kuɗin bashi da na biya, na debe. Jeri ya fito tsaf, na tura wa Bappa ta WhatsApp ina jin kaina. Ko minti goma ba a yi ba ya kira. Ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba.

"Kai, wannan na layi na uku, ladaninmu ne fa. Ka ce ana bin sa dubu ɗari huɗu?"

Na ce haka lissafi ya nuna, Bappa.

"To lissafinka ƙarya yake. Da hannuna na karɓi cikon kuɗinsa, a bakin masallaci, ya ciro su daga cikin hula. Ka kuwa san da na karanta wannan a gaban jama'a da me zai faru?"

Na buɗe layukan mutumin ba tare da SUM ba. Bashi biyu ya ci, naira 120,000 da 80,000, jimla 200,000. Ya biya sau huɗu, 50,000 kowane zuwa, 200,000 cif. Amma da na haɗa tebur biyun a kansa lokaci guda, kowane bashi ya auri kowane biya, layi takwas. Bashin ya ninku sau huɗu ya zama 800,000, biyan ya ninku sau biyu ya zama 400,000. Ga dubu ɗari huɗun da na ƙaƙaba wa bawan Allah. Irin hayayyafar ranar 9 ga wata ce, sai dai wannan karon ta ɓuya a cikin jimla, ba a ganinta. Mugun abin, wanda ya ci bashi ɗaya ya biya sau ɗaya lissafinsa daidai ya fito, kuma irinsu na duba na ce komai lafiya.

Gyaran: a tara bashin kowa daban da GROUP BY lamba, a tara biyansa daban, kowane ya zama layi ɗaya ga mutum ɗaya, sannan a haɗa da rajista. Na sa COALESCE(biya, 0) don wanda bai biya komai ba kada NULL ta cinye masa lissafi. Daga yau kuma kafin in tura komai sai na gwada: jimlar bashi a sakamako, haɗe da na waɗanda ba su sami mai su ba, dole ta zo daidai da jimlar teburin bashi shi kaɗai. In ta ɗara ko da naira ɗaya, wani abu ya ninku.

Na roƙi Bappa ya goge saƙon. Ya ce tuni.

Alhamis, 30 ga Janairu

Kwana uku ba wuta, batirin kwamfutar kuma ba ya kai awa. Na yi ɗan aiki a shagon wani aboki a Jekadafari. Na so amfani da FULL JOIN in ga marasa abokin haɗi na ɓangare biyu a tashi ɗaya, ya ƙi. Sai daga siga ta 3.39, ta 2022, SQLite ya fara karɓarsa, tawa kuma ta girme ta. LEFT JOIN biyu na yi, ɗaya ta nan ɗaya ta can, na liƙa su da UNION ALL.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Allura ta tono garma. Na tura wa ma'aji sunaye 61 ɗin, ya kira ni ya ce ai yawancinsu ba mambobi ba ne. Al'adarsa ita ce ya rubuta sunan wanda ya miƙo masa kuɗi. Mace ta kawo na mijinta, yaro ya kawo na ubansa, sunan ɗan aike ne ke shiga littafi. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu bayan girbin 2023, ta yi ta sauke masa bashin sau shida da sunanta, shi kuma marigayin yana cikin 74 ɗin da na ce ba su biya ko sisi ba. Na daɗe ina kallon layukan nan shida.

Babu tambayar da za ta gano wannan, don abin da ya haɗa su ba ya cikin littafin. Na ƙara gurbi a teburin biya, mai_kawowa, lamba kuma ta zama ta wanda ake biya wa. Ni da ma'aji muka bi su ɗaya bayan ɗaya ta waya, katina ya ƙare sau biyu. Saura tara. Bashi 23 kuma sun koma huɗu, 74 sun koma 41.

Na kuma nemi duk biyan da kwanan watansa ya riga na bashi. Guda 38. Ba wanda ke biyan bashin da bai ci ba tukuna. Kwamfutar ɗaya daga cikin yaran tana kan tsarin Amurka, wata kafin rana, don haka 3/12, wato 3 ga Disamba, ta karanta shi 12 ga Maris. Ranakun da suka haura 12 ba su juye ba tunda babu wata na goma sha uku. Na koma littafin takarda na gyara, duka yanzu suna kan tsarin shekara-wata-rana.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na sake gina rumbun daga tushe. Lambar mamba ta zama makullin teburin manoma, ba ta maimaituwa. Bashi da biya kuma na ɗaure su da REFERENCES, yadda ba za a shigar da lambar da babu ita a rajista ba. Na gwada da lambar ƙarya, 9999, ta shige ba gardama. Ashe SQLite ba ya tilasta wannan ƙa'ida sai ka kunna ta da PRAGMA foreign_keys = ON, kuma duk lokacin da aka buɗe rumbun sai a tabbatar tana kunne. Na kunna, na sake gwadawa, ya kore ta.

NIN bakwai ɗin nan na goge su. Ƙungiya ba ta da abin yi da su, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, filashi kuwa abu ne mai ɓacewa.

Sauran aikin na takarda ne. Mun buga kati 612, kowa da lambarsa da manyan baƙaƙe. Sabon rasit yana da gida biyu, "Lambar mai bashi" da "Sunan wanda ya kawo". Ma'aji ya ce wannan ƙarin aiki ne. Bappa ya ce masa, "Malam, ko ka fi son mu sake yini a gindin mangwaro?"

Asabar, 22 ga Fabrairu

An yi taro a filin makarantar firamare. Bappa bai karanta bashin kowa a lasifika ba, shawarar dattawa ce, kowa aka ba shi 'yar takardarsa tare da katinsa. Mutum goma sha ɗaya suka yi ƙorafi. Takwas da aka nuna musu layukansu suka gamsu, biyu kuskuren bugu ne daga littafi, an ƙara musu sifili, ɗaya kuma mun bar shi sai ma'aji ya duba tsohon rasit.

Rasit taran da ba su da mai su kaɗai aka karanto a fili. A na huɗu wani tsoho ya miƙe daga baya, ya ce wannan sunan jikarsa ne, ita ya aika ranar yana kwance da zazzaɓi. Ya laluba aljihun 'yar shara ya ciro takarda a ninke cikin leda, duk ta yi laushi. Kwanan wata ya dace, kuɗi ya dace. Na cika masa lamba a nan take, kwamfuta a kan gwiwata, batir saura kashi shida.

Saura takwas, da bashi huɗu. Ranar Talata ƙanwata za ta fara koya wa ɗan ma'aji shigar da sabon rasit.